Labarin Zif: Wani Ya Fara, Wani Ya Gama

Duk wanda ya ratsa ta Fagge cikin goman ƙarshe na watan azumi, ko da tsakar dare ne, ba zai rasa jin kukan keken ɗinki ba. Mutanen Kano sun daɗe da sanin Fagge unguwar teloli ce. Shago na bin shago, ko wanne maƙil da shadda da yadi da atamfa. Maigida na tsaye yana yanka, manyan yara na bisa keke suna haɗawa, ƙaramin cikinsu na gefe yana sa maɓalli yana gyangyaɗi. Masu kaya kuwa na zaune bisa benci sun zuba ido, kowa na fata a ce nasa ne aka ɗauko. Cikin wannan hada-hada duka akwai wani ɗan abu da ba mai ɗaga kai ya dube shi. Tsawonsa sau da yawa bai wuce ɗani guda ba, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. In ya ƙare a shago, sai a aiki yaro kasuwar Sabon Gari ko ta Ƙofar Wambai ya sayo dozin. Wannan abu shi ne zif.

Ba a sanin girman zif sai ran da ya ƙi. Tela ya kwana biyu bisa riga, ya yi mata ɗinki na gani na faɗa, mai ita ta sa ran Salla ta shiga cikin dangi, sai zif ya ɓalle daga baya. To, daga nan ba sauran mai tuna kyaun ɗinki. Bayan Salla sai ga ta ƙofar shago da riga a ƙunshe, ta ce, "Malam, ka kunyata ni cikin mutane." Shi kuwa ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba ɗinkin ba ne, zif ɗin ne." Ita ina ruwanta da wannan? A hannunsa ta ba da kaya, a hannunsa ta karɓa. In ba a yi sa'a ba, ta bar shagon ke nan, ita da ƙawayenta.

Irin wannan kunya ita ce ta bi mutumin da ya fara ƙago zif, ta ƙi rabuwa da shi har ya mutu. Ya ga dabarar sarai, ya ƙera abin, ya sami abokai suka zuba dukiyarsu, amma abin ya ƙi riƙe amana. Sai bayan ransa wani ya zo ya ƙarasa. Labarin mutanen nan ya isa a ji shi, gama yana nuna nisan da ke tsakanin gano dabara da sa ta ta yi aiki kullum, safe da yamma, a hannun kowa.

Kafin A Yi Zif

A ƙasar Hausa tufafin dā ba su bukaci zif ba. Babbar riga zurma ta ake yi ta wuya, zane ɗaura shi ake yi, wando kuwa a yi masa ƙubaka a zura mazagi, in an sa a ja a ƙulle. Baduku in ya ɗinka gafaka ko burgame, sai ya yi musu marfi da maɓallin fata. Ƙasa ce mai zafi, tufa mai yalwa ta fi daɗi. Amma a ƙasashen sanyi, kamar Turai da arewacin Amurka, tufafi kama jiki suke yi don kada iska ta sami hanya. Cikin ƙarni na 19 maza da mata na can suna sa takalma masu dogon wuya, waɗanda a kan jera wa maɓallai goma ko fiye a ko wace ƙafa, har akwai wata 'yar ƙugiya ta musamman da ake ɓalla su da ita. Ko wace safiya mutum ya sunkuya ya ɓalla su ɗaya ɗaya, ko wane dare ya sunkuya ya ɓalle. Wannan wahala ita ta sa masu tunani suka shiga neman hanyar da za a rufe su duka da ja guda.

A waɗannan ƙasashe akwai wata al'ada da ya kamata mai karatu ya sani tun yanzu. In mutum ya ƙago wani abu sabo, sai ya zana siffarsa, ya rubuta bayanin yadda yake aiki, ya kai wani ofishin Gwamnati. In aka bincika aka ga ba wanda ya riga shi, sai a ba shi takardar shaidar ƙira. Takardar nan ta hana kowa yin irin abin ya sayar sai da izninsa, har waɗansu shekaru ƙidayayyu. Amma ita takarda shaida kaɗai take yi cewa dabara sabuwa ce. Ba ta cewa abin zai yi aiki, ba ta kuma cewa mutane za su saya.

A shekarar 1851, watau shekarar da Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, ya iso Kano zamanin Sarki Usman, ya yi mamakin yawan tufafin da ake saƙawa ana rinawa a birnin, wani Ba'amurke mai suna Elias Howe ya karɓi irin takardar nan saboda wata hanyar rufe tufa. Nasa ƙananan ƙarafa ne a jere a bakin ƙyalle, in an ja igiya su matso su haɗa bakunan biyu. Ya fi kama da mazagi bisa ga zif na yanzu. Howe bai bi ta kansa ba, domin hankalinsa na wani wuri. Shi ne ya karɓi takardar shaidar keken ɗinki tun 1846, yana kuwa cikin shari'a da masu yin kekuna da dabararsa ba da izninsa ba. Cikinsu har da Isaac Singer, wanda sunansa ke jikin tsofaffin kekunan teloli, sunan kuma da kasuwar Singa ta Kano ke ɗauke da shi. Howe ya ci shari'a a 1854, ya yi arziki da keke, ya bar ɗaya dabarar kwance cikin takarda. Aka shekara arba'in kafin wani ya ɗauki maganar da gaske.

Whitcomb Judson

Wanda ya ɗauka shi ne Whitcomb Judson, mutumin jihar Illinois ta Amurka. Yana saurayi yaƙin basasar ƙasarsu ya tashi a 1861, ya shiga soja a ɓangaren Arewa. Daga baya ya zama ɗan tallan kamfani, yana bin gari gari yana sayar wa manoma ma'aunin hatsi, da wata na'ura mai yanke maɗaurin dami kafin a zuba shi cikin injin sussuka. Mutum ne wanda in ya ga inji ba ya iya wucewa sai ya tsaya ya duba yadda za a sake shi. Cikin shekara 16 ya karɓi takardun shaidar ƙira har 30. Abin mamaki, 14 daga cikinsu ba su shafi zif ba ko kaɗan, na wata irin hanyar jirgi ce.

A wancan zamani manyan garuruwan Amurka na da ƙananan taragai masu ɗaukar mutane bisa dogo cikin titunan gari, dawaki ne ke jan yawancinsu. Kowa na neman abin da zai maye gurbin doki. Judson ya ce iska za ta iya, watau iskar da aka matse da ƙarfi cikin bututu, kamar yadda famfo ke matse ta cikin tayar keke. Cikin shekarar 1889 kaɗai ya karɓi takardu 6 a kan wannan. A 1890 aka shimfiɗa hanyar gwaji wajen mil guda a birnin Washinton. Taragon ya yi tafiya, ba a ce bai yi ba, amma 'yan makonni kaɗan aka yi aka tsai da shi saboda yawan ɓaci. Ana cikin haka taragon lantarki ya ci kasuwa, aka mance da na Judson. Tun daga nan halin aikinsa ya bayyana: dabara mai kyau a takarda, mai ban sha'awa ran gwaji, amma ba ta jure wa wahalar yau da gobe.

Bai karaya ba. Cikin Nuwamba 1891 ya kai wata sabuwar dabara ofishin Gwamnati, ta rufe takalmi. Ma'aikatan ofishin suka daɗe suna jan maganar, don an riga an kawo musu maɓallan takalma iri iri, suna ganin wannan ma ɗaya ne daga cikinsu. Sai cikin Agusta 1893 aka ba shi takarda, watau shekarar da Sarkin Kano Bello ya rasu, basasa ta tashi tsakanin Tukur da Yusufu. Abin da ya ƙera jeri biyu ne na ƙananan ƙarafa masu kama juna, waɗanda ya yi ta sake wa siffa har suka zama ƙugiyoyi a gefe guda, idanu a ɗaya gefen. Sabon abin da ya kawo shi ne ɗan ƙarfen nan da ake ja, wanda teloli ke kira kan zif. In an ja shi sama ya sa ko wace ƙugiya cikin idonta, in an ja shi ƙasa ya fitar da su. Aikin da yatsu ke yi sau goma sha, ga shi an yi shi da ja guda.

Wani lauya na garin Meadville a jihar Pennsylvania, ana ce da shi Kanar Lewis Walker, ya ga abin ya shiga ransa. Shi da wani tsohon maigidan Judson mai suna Harry Earle suka haɗa kai, aka kafa kamfani a 1894, aka sa masa suna Universal Fastener Company. Suna tsammani arziki ya zo. Ashe wahala ce ta soma.

Wahalar iri biyu ce. Ta fari, abin ba shi da tabbas: wani lokaci ya cije ya ƙi motsi, wani lokaci ya buɗe ba wanda ya taɓa shi. Ta biyu, da hannu ake ƙera ƙarafan ɗaya ɗaya, saboda haka tsadarsa ta fi ƙarfin mai sayen maɓalli. Judson ya shekara da shekaru yana haɗa injin da zai riƙa ƙera su, injin ya ci kuɗi mai yawa, ya zo da wuyar sha'ani, bai biya bukata ba. Aka yi ta ƙaura da ma'aikatar daga wannan gari zuwa wancan, har ta zauna a Hoboken, tsallaken kogi daga birnin Niyok.

A 1905 Judson ya fito da wani sabo, aka yi masa suna C-curity, wanda a harshensu yake nufin aminci. A nan ya yi wata dabara da ta rage har yau. Maimakon a haɗa ƙarafan kamar sarƙa, sai ya damƙe su a bakin wani siririn ƙyalle, yadda tela zai ɗora ƙyallen bisa tufa ya bi shi da keke. Aka yi shi domin siket na mata da wandon maza. Amma suna daban, hali daban. In mai shi ya sunkuya ko ya zauna, tufa ta lanƙwashe, sai ƙugiya guda ta zame daga idonta. Da guda ta zame sai sauran su bi ta, abu ya wage tun daga sama har ƙasa, kan zif kuwa ya maƙale can ƙarshe, wani lokaci sai an sa almakashi. Bugu da ƙari ƙarfen na tsatsa, don haka in za a wanke tufa sai an farke shi an cire, in ta bushe a sake ɗinkawa. Masu manyan ma'aikatun ɗinki suka ce ba su so. Sai 'yan talla ke bin gida gida da shi, wanda kuwa ya saya sau ɗaya da wuya ya ƙara.

Daga ƙarshe Judson ya koma garin Muskegon a jihar Michigan, inda ɗansa Ross yake da ma'aikatar ƙera injin mota. Can ya mutu cikin Disamba 1909, shekara 18 bayan ya fara kai dabarar ofis. Bai taɓa jin kalmar zif ba, gama ba a raɗa sunan ba tukuna. Bai kuma ga ranar da mutum zai sa abin da ya ƙago ya fita cikin jama'a hankalinsa kwance ba.

Gideon Sundback

Shekara uku kafin mutuwar Judson, wani saurayi ya kama aiki a ma'aikatar Hoboken, sunansa Gideon Sundback. An haife shi a ƙasar Suwidin a 1880, ya yi karatun injiniyan lantarki a garin Bingen na Jamus, ya gama a 1903. A 1905 ya haye teku zuwa Amurka, ya sami aiki a Westinghouse, babban kamfanin lantarki na Pittsburgh. Shekara guda ya yi ya bar wannan aiki mai tabbas, ya koma ƙaramar ma'aikata mai fama da bashi. Mai kula da ma'aikatar, Peter Aronson, shi ma mutumin Suwidin ne, yana da 'ya mai suna Elvira. A 1909 Sundback ya aure ta.

Da fari hanyar Judson ya bi, yana gyara ƙugiya yana gyara ido. Ya fito da wani ana ce da shi Plako, ya ɗan fi na dā, amma shi ma yana buɗewa. Kamfani ya tsiyace har ya zama ana karɓar ƙananan ayyukan ƙira na waje don a biya ma'aikata. Cikin wannan hali, a 1911, Elvira ta mutu bayan ta haihu. Sundback ya rasa abin da ke masa daɗi, sai ya duƙufa kan aiki dare da rana. A nan ne ya gane abin da aka shekara ashirin ba a gane ba: ba gyara ƙugiya ke so ba, ita kanta ƙugiyar ce cutar. Muddin akwai ƙugiya da ido, in tufa ta lanƙwashe sai sun rabu.

Ya jefar da ƙugiya, ya gwada wani iri, inda ƙananan ƙarafa na gefe guda ke cizon dunƙulallen bakin ƙyalle na ɗaya gefen. Ya yi kyau ƙwarai ran farko, amma bayan an ja shi 'yan lokatai sai ƙyallen ya cinye. Ya sake komawa baya. Cikin Disamba 1913 ya gama wanda ya zama uban zif na ƙarfe da ake gani yau, aka ba shi takardar shaidarsa cikin Maris 1917.

Ga yadda abin yake, mai karatu kuma yana iya ɗauko zif na ƙarfe ya duba da idonsa. Haƙoran gefen dama da na hagu duk iri ɗaya ne, ba namiji ba mace. Ko wane haƙori yana da ɗan tudu a fuska guda, da ɗan loko a ɗaya fuskar, kamar ƙoƙon da aka kifa, wanda bayansa ke shiga cikin ƙoƙon da aka kifa bisansa. Ba a jera su daura da juna ba, an goce su kaɗan, yadda haƙorin dama zai shiga tsakanin biyu na hagu. In sun haɗu, tudun wannan ya shige lokon na sama da shi, lokonsa kuma ya karɓi tudun na ƙasa da shi. Ta haka ko wane haƙori maƙwabtansa biyu ke riƙe da shi, in an ja tufa gefe da gefe ba shi da wurin zamewa. Shi kuwa kan zif, cikinsa hanya biyu ce da ta haɗu ta zama ɗaya, kamar gwafa. In an ja shi sama, sai ya karkato haƙoran su shigo ɗaya bayan ɗaya, su fita ta hanya guda a sarƙe. In an ja shi ƙasa, wani ɗan tsini da ke tsakiyarsa ya shiga tsakaninsu ya raba. Sundback ya kuma ƙanƙanta haƙoran. Inda dā ake sa 4 cikin inci guda, ya mai da su 10 ko 11, don zif ya riƙa lanƙwasa tare da tufa ba tare da ya buɗe ba.

Wannan rabin aikin ne. Sauran rabin shi ne inji, inda Judson ya kāsa. Da yake haƙoran duk iri ɗaya ne, inji guda ya isa. Sundback ya ƙera wanda ake zura wa waya ta musamman, ya yanko haƙori, ya buga masa tudu da loko, ya damƙe shi a bakin ƙyalle, ya wuce ga na gaba, ba ya barin ɓarnar ƙarfe. Sai a sa'an nan zif ya zama abin da za a yi da yawa, a sayar da araha, ko wanne kuma ya fito daidai da ɗan'uwansa.

Yadda Ya Sami Suna

Kanar Walker, wanda ya shekara ashirin yana zuba kuɗi ba ya ganin riba, ya sake tara jari, ya kwashe ma'aikatar ya kai garinsu Meadville a 1913, aka sake mata suna Hookless Fastener Company, watau kamfanin maɓalli marar ƙugiya. Duk da haka masu ɗinki suka noƙe. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, su kuwa ba su mance da C-curity ba. Sai ta gefe abin ya shigo. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Farko a 1917, aka riƙa sa shi a ɗamarar ajiye kuɗi da sojan ruwa ke saye, da rigunan matuƙan jirgin sama. Bayan yaƙi aka sa shi a jakar taba. A 1923 kamfanin roba na B. F. Goodrich ya sa shi a takalman ruwa, ya raɗa wa takalman suna Zipper, saboda ƙarar da abin ke yi in an ja shi da sauri. Takalman suka karɓu ƙwarai, sunan kuwa ya bar takalmi ya koma kan maɓallin. Daga wannan kalma Hausawa suka sami tasu, zif. Daga ran da Judson ya kai dabararsa ofis zuwa wannan rana shekara 32 ke nan.

Cikin shekarun 1930 aka shiga sa shi a tufafin yara, ana cewa yaro zai iya sa kayansa da kansa, sa'an nan ya shiga wandon maza da rigunan mata. A 1937 kamfanin Meadville ya koma amsa sunan Talon. Walker ya mutu a 1938, ya ga ribar haƙurinsa da idonsa. Sundback ya mutu a 1954 yana mai arziki. A can Japan kuma wani mai suna Tadao Yoshida ya kafa nasa kamfani a 1934, wanda ya zama YKK, haruffa ukun nan da ake gani a kan zif na wanduna da jakunkuna ko'ina a duniya. Daga baya aka ƙago na roba, mai sauƙi, wanda ba ya tsatsa, shi ne ya fi yawa a ɗinkin mata yanzu.

Komawa Fagge

Sa'ad da Sundback ke fama a Hoboken, Kano ma tana sakewa. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kafa Sabon Gari wajen 1913. Fagge, wadda dā zango ce ta ayarin raƙuma a bayan ganuwa, ta zama unguwa tsakanin birni da Sabon Gari, ga Kantin Kwari a jikinta inda ake sayar da yadi. Inda yadi yake, nan tela ke zama. Keken ɗinki ya yawaita, ɗinki ya sake, aka shiga yin wandon zamani, da siket, da kayan 'yan makaranta, da jakunkuna iri iri, a hankali zif ya zama abin da shago ba ya rabuwa da shi. Babbar riga dai har yanzu ba ta bukatarsa, mazagi kuma bai bar wandon kaftani ba, kowa da wurinsa.

Wanda ya san yadda zif ke aiki ya san maganinsa. In ana ja yana buɗewa daga baya, sau da yawa haƙoran lafiyarsu lau, kan ne ya buɗe don yawan ja, ba ya matse su yadda tudu zai shiga loko. Masu gyaran jaka na kasuwar Sabon Gari sun san wannan: su sa filaya su ɗan matse kan, kaɗan kaɗan, gefe da gefe, sai ya koma aiki. In ya cije, a goga wa haƙoran kyandir ko busasshen sabulu, kada a fizge shi da ƙarfi. In haƙori guda ya fita a tsakiya, to, maƙwabtansa sun rasa mai riƙe su, sai a sake zif ɗungum. In kuwa tela ya matse riga ainun, ya bar wa zif ɗaukar nauyin da ya kamata yadi ya ɗauka, laifin ba na zif ba ne.

To, wa za a ce ya ƙago zif? Howe ya hango shi ya wuce. Judson ya tsaya a kansa shekara da shekaru, ya sha dariyar mutane, ya mutu bai ci moriyarsa ba. Wani zai ce kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Amma wannan ba adalci ba ne ga Sundback, wanda ya shekara bakwai yana gwadawa yana zubarwa, ya kuma yi ƙarfin halin barin hanyar da ya tarar, bayan ya tabbata ba ta ɓullewa. Ba adalci ba ne kuma ga Walker, gama da ya janye hannunsa da ba a sami ma'aikatar da Sundback zai shiga ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk zif na ƙarfe da aka ɗauka, aikin mutum biyu ne ke kwance a tafin hannu: kan da ake ja da ƙyallen da ake ɗinkawa na Judson ne, haƙoran da injin da ya dasa su na Sundback ne. Da Judson bai yi nasa ya ɓaci ba, da Sundback bai san inda ɓacin yake ba.

Tela na ƙwarai in ya gama sa zif, ba ya miƙa kaya sai ya ja shi sama, ya ja shi ƙasa, sau biyu ko uku, ya lanƙwasa rigar ya ɗan ja ta gefe da gefe, ya ga ko zai buɗe. In bai buɗe ba sai ya ninke ya ba mai ita, ya ce, "Hajiya, ga kayanki." Wannan ɗan gwaji bai fi ƙiftawar ido ba a shagon Fagge, amma shi ne jarrabawar da abin Judson ya yi ta faɗuwa har mai shi ya bar duniya, shi ne kuma aka shekara ashirin da biyu ana fama kafin a ci.